Ƙorafi Kan Na'urar da Aka Dasa a Rumbun Ajiyarmu

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Kare Bayanan Jama'a

Daga:
Manajar Rumbun Ajiyar Bayanai ta Intanet,
Hawa na biyu, tsohon ginin gidan waya

Litinin, 23 ga Maris

Game da: Leƙen bayanan abokan hulɗarmu ba da izinin kotu ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Shekara shida ke nan wata ƙungiyar likitoci ta ƙasar waje tana ajiye bayanan majinyatanta a na'urorinmu. Yawancinsu 'yan gudun hijira ne, akwai waɗanda ko danginsu ba su san inda suke ba.

2. Ranar Talata, 3 ga Maris, da ƙarfe goma na safe, jami'an tsaro uku suka zo ofishinmu. Na nemi takardar kotu, suka nuna mini katin aiki. Suka shiga ɗakin na'urori, suka jona wata baƙar na'ura mai kwafe duk abin da ke shiga da fita, sannan suka miƙo mini takardar alkawarin yin shiru. Ban sa hannu ba.

3. Ƙanena, wanda shi ne injiniyanmu, ya tambayi sunan wanda ya aiko su. A kan wannan kaɗai suka tafi da shi, suka tsare shi awa tara, suka riƙe fasfonsa har yau. Tun ranar mahaifiyarmu ba ta yarda ya fita shi kaɗai.

4. Ranar 5 ga Maris na kira shugabar likitocin na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ni ta yarda da ni, amma ba za ta bar sunan majinyaci ko ɗaya ya ƙara kwana a ƙasarmu ba. Cikin mako guda suka kwashe bayanansu, wasu ƙungiyoyi biyu suka bi su.

5. Ranar 17 ga Maris na cire na'urar da hannuna. Na kuma rubuta wa sauran abokan hulɗarmu na faɗa musu abin da ya faru, ban rage komai ba.

Ranka ya daɗe, hukumarka ce ta ba mu lasisi bisa sharaɗin riƙe amanar jama'a. Ina roƙon a gano wanda ya ba da umarnin, a goge abin da aka kwafa a gaban shaidu, a mayar wa ƙanena fasfonsa, a kuma ba ni amsa a rubuce cikin kwana goma sha huɗu. In ban samu amsa ba, zan tafi kotu.

Idan faɗa wa mai kaya an taɓa kayansa laifi ne, ni na aikata, ba ƙanena ba. Ina ofis kullum daga ƙarfe takwas.

A huta lafiya. Taka cikin ladabi da girmamawa,

(Sa hannu)
Manajar Rumbun Ajiya