Muryar Baba a Bakin Ashiru

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Na dawo daga Islamiyya na tarar da 'yata Ulfa da ƙawayenta sun haɗa kai a kan waya suna ƙyaƙyata dariya. Tun daga zaure na ji an ce, "Tsaya in hwaɗi, ɗan nan!" Sai da gabana ya faɗi. Wani marar aikin yi ne ya tono tsofaffin kaset na shirin talabijin ɗin nan Shiga Ba Sallama ya zuba a intanet. Na fizge wayar. Wai, "Umma, wasan mutanen da ne fa." Wasa! Ba ta san kakanta ake yi wa ba'a ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Tuwo ma ya ƙi ciwuwa. Bari in rubuta ko na huce.

Ranar Alhamis da yamma ake sa shirin. Duk unguwarmu a Kankiya talabijin ɗaya ce, ta Alhaji Manu, a fito da ita ƙofar gida a ɗora kan benci. A fara da masu kalangu, sai kacici-kacici, sai mai kwaikwayon kukan dabbobi, a rufe da wasan barkwanci. Ni ma ina so, ba zan yi ƙarya ba. Har ranar da Ashiru ya fito da hula a karkace, mudu a hannu, yana jan kunne kafin ya yi magana. Duk yaran suka juyo suna kallona.

Ashiru fa! Ɗan maƙwabtanmu da ya tashi da tuwon Inna, kullum yana rumfar Baba a kasuwa. Ashe haddace shi yake yi.

Babana, Malam Haladu mai awo, wanda ake kira ya raba gardama, ya koma "Baba Tsaya". Yara su bi shi da ihu har masallaci. Ya bar rumfa, muka dawo Kusada. Mutumin da ba ya gajiya da hira ya koma daga "to" sai "a'a", har Allah ya karɓi ransa.

Talata, 8 ga Yuli

Na sa Ulfa ta goge. Wai ko ta goge yana nan a wayoyin mutane. Ya bar gidana dai.

Jumma'a, 11 ga Yuli

Ƙanena Fa'izu ya kira. Tsofaffin 'yan shirin za su yi taron tunawa a Kankiya, za a karrama Ashiru, wai kuma ana gayyatar iyalan Baba. "Yaya Safiyya, abin nan ya wuce." Ya wuce a wurin wa? Shi da yake goye a lokacin, me ya gani? Na kashe wayata. Karramawa! Su ba shi mudun zinariya ma.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na je Kankiya, ban gaya wa kowa ba. Na sami Ashiru a zaure kan tabarma, ciwon suga ya cinye masa idanu. Ban tausaya ba. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na zazzage masa abin da ke cikina tun ina 'yar firamare. Na ce ya ci tuwonmu ya sayar da ubanmu. Na ce shi ya rufe wa Baba baki.

Wai shi bai taɓa ganin wanda ya kai Baba iya zance ba, shi ya sa. Ji rainin hankali! Ko "yi haƙuri" sai da na miƙe sannan ta fito, a ciki-ciki.

Ina sa takalmi aka yi tsawa. Sai na ji a bayana, "Tsaya in hwaɗi, Sahiya, hadarin ga bai barin ki kai Kusada."

Sahiya. Baba kaɗai ke kirana haka. Ban san ko da gangan ya yi ba ko bakinsa ne ya saba. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu kamar wata sakarya. Ashe na manta muryar Baba. Shirunsa kawai nake tunawa.

Ruwa ya yi mini dukan tsiya a hanya.

Asabar, 19 ga Yuli

Munafuki.

Alhamis, 24 ga Yuli

An yi taronsu, ban je ba. Ban kuma yafe ba, kada ma Fa'izu ya ɗauka.

Ulfa ba ta goge ba, dama na sani. Na ce ta tura mini, don in san iyakar abin da ake yaɗawa. Na kife wayar kan tabarma, ba na son ganin fuskar Ashiru. Ba mu da Baba a kaset ko ɗaya, sai hoton katin zaɓe.

Ta zauna kusa da ni, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Umma, haka Kaka yake magana?"

Na ce kunnen dama Baba yake ja, ba na hagu ba, shi Ashiru ko wannan ma bai iya ba. Na ce ta mayar da shi farko.