Allon Shagon Lauwali

Bagudo, ranar Asabar.

Zuwa ga aminina Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maigidanka da duk mutanen gareji. Yaya baƙunta, yaya zafin walda? Hannun nan da ka ƙone ya warke kuwa? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga atamfar Benin da ka yi mata alkawari ba.

Sambo ɗan kabu-kabu ya kawo mani memorin da ka aiko, naɗe cikin leda kamar laya. Tunda layinmu ba ya kamawa can bayan Segbana, ga takarda. Ka yi haƙuri da tsawonta, cikina cike yake.

Na kalli fina-finan da ke ciki duka ukun. Na Indiyan nan da aka fassara, kada ka sake ɓata cajinka a kansa. Mutum ɗaya ya doki arba'in, ko hularsa ba ta faɗi ba, mai fassarar kuma ya fi jarumin surutu. Mai dogon zangon na kai kashi na tara, har yanzu suna zaune a falo suna shan lemo suna harararar juna. Amma na ukun, wanda ka ce samarin ƙauyen da kake zaune suka ɗauka da waya, Zangarniya Bisa Ruwa, Badamasi, sau huɗu na kalle shi. Ba waƙa, ba mota, rabin maganar da yaren Dendi ce, amma ban buƙaci mai fassara ba. Ruwa ya ci gonar tsoho saura kwana kaɗan girbi, shi da ɗiyarsa suka shiga jirgi da lauje suna yanke kan shinkafar da ya rage bisa ruwa. Wurin da ya ɗebi danƙi ɗaya ya sansana don ya ji ko ta fara tsami, nan na ajiye waya na fita waje na ɗan tsaya.

Ka san dokar majalisarmu ta shagon Lauwali mai tura fina-finai ba ta canza ba. Juma'a bayan la'asar kowa ya kawo fim ɗinsa ya kare shi, wanda ya ci a ba shi alli ya rubuta sunan fim ɗin bisa allon ƙofar shago. Ranar kasuwa mutanen ƙauye ba su tambayar komai, sai dai su miƙa waya su ce a tura masu na allo. To abin da ba ka sani ba, tun bayan tafiyarka wani Mutawakkil ya shigo cikinmu. Ya yi karatu a Birnin Kebbi, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, yana sa tabarau ko da rana ta faɗi. Wata biyar ke nan alli bai bar hannunsa ba. Ba don ya fi mu ido ba, sai don in ya jefa kalmar Turanci guda biyu kowa ya yi tsit.

Jiya na kawo naka. Lauwali ya sa shi a kwamfuta, ba a yi minti goma ba Mutawakkil ya ce a kashe. Wai ƙarya ce tsagwaronta, wa ya taɓa ganin ana girbin shinkafa cikin jirgi, in ruwa ya ci gona ai ta tafi ke nan. Wai ’yan ƙauye ne suka sami waya suna wasa. Majalisa duk ’yan tireda ne da teloli, suka bushe da dariya. Na ce a bari ya kai ƙarshe, ya ce wanda bai taɓa zama aji ba ba shi zai koya masa kallo ba.

Ka san bakina. Na ce masa shinkafar da ya sani ita ce ta cikin faranti, ita ma sai an sa masa cokali. Na ce tabaransa ba na gani ba ne, na ɓoye jahilci ne. Na ƙara da wasu biyu da ba zan rubuta ba, don Inna takan sa a karanta mata takarduna. Nan take aka yanke mani hukuncin zagi, Juma'a huɗu ba ni ba bencin majalisa. Lauwali kuma ya goge fim ɗin a gabana, wai yana cin wuri.

Da wanga allo na koyi haɗa baƙi, ina tsaye da buhu a ka ina kallonsa, na koma gida in kwaikwaya bisa takardar siminti. Shekara shida ina zama a bencin nan, ban taɓa riƙe allin ba ko sau ɗaya. Na rantse sai na rubuta sunan wanga fim da hannuna, in kuwa ban rubuta ba, na bar majalisar har abada.

Ka gaida maigidanka. Ka gaida yaran da suka yi fim ɗin, kada ka gaya masu abin da ya faru tukuna.

Naka har kullum,
Zayyanu.

Kaoje, ranar Talata.

Badamasi aminina,

Sallama da gaisuwa irin ta masu kewar juna. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, da kai da aikinka. Na ga amsarka a bayan kwalin batir. Ka ce in je in ba Mutawakkil haƙuri. Wallahi da ba kai ka rubuta ba, da na hura wuta da kwalin.

Ka ga daga inda nake rubutu. Inna ta gaji da ganina ina zagaye gida ina tsaki, ta ce in tafi Kaoje in taya ƙanenta Kawu Hamma aiki, tunda ruwa ya taɓa masa gefen gona. Kwana shida ke nan ina nan. Ƙafafuna sun yi fari fat, sauro ya san sunana, amma zuciyata ta yi sanyi.

Shekaranjiya da azahar muna hutawa ƙarƙashin mangwaro, na kunna fim ɗin don kaina. Kawu Hamma mutum ne da bai taɓa kallon fim ba, cewa yake aikin marasa gona ne. Ya ji ƙarar filafili cikin ruwa, ya leƙo. Bai koma wurin zamansa ba sai da aka gama. Kafin a kai rabi mun kai mutum ashirin a kan waya ɗaya, har matan da ke shanyar shinkafa sun bar ta ga kaji. Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta riƙa ba yarinyar cikin fim umarni, ta kama ƙasa-ƙasa, ta bar jan zangarniya da ƙarfi kada ƙwaya ta zube, sai ka ce tana jin ta.

Kawu ya sami kuskure ɗaya, kuma ina so ka isar da shi ga masu fim ɗin. Ya ce sun tara dami a goshin jirgi, alhali a tsakiya ake jerawa, mai nauyi a ƙasa. Ya ce da a kogin gaske ne da iska, da tsohon da ɗiyarsa sun sha ruwa. Ka ji yadda ake sukar fim, Badamasi. Mutum ya kalla har ƙarshe, ya san abin da yake magana a kai, sannan ya ce a sake kunnawa. Sau biyu muka maimaita har batir ya mutu.

Yanzu ga inda nake so ka yafe mani. Duk sun ce in tura masu. Wayoyinsu ƙanana ne masu madanni, fim ba ya buɗewa a ciki sai kwamfuta ta matse shi, kuma kwamfutar da suka sani ita ce ta Lauwali. Ina sane sarai ya goge shi. Ban gaya masu ba. Na ce ranar kasuwa su je shagon, kada su ce na allo, su ce na yankan shinkafa a jirgi suke so. Na ce su gaya wa ’yan'uwansu na Bahindi da Sharabi su ma. Na san ba halin kirki ba ne in sa dattawa su yi tattaki kan abin da babu. Na yi istigfari, amma ban janye ba. Memorin yana cikin aljihun ’yar cikina, na sa masa fil.

In abin ya watse, na zama abin dariya sau biyu, kuma Kawu ba zai sake yarda da maganata ba. Ka sa ni a addu'a, ko da kana ganin ban cancanta ba.

Kawu yana gaishe ka duk da bai san ka ba, ya ce duk wanda ya aiko da wannan abu ɗan mutunci ne.

Amininka,
Zayyanu.

Bagudo, washegarin kasuwa.

Zuwa ga Badamasi, abokin arziki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya ƙoshi. Yaya jiki, yaya gareji, yaya mutanen Benin? Inna lafiya, ta ce a bar maganar atamfa, ka dai zo da kanka.

Ka gyara zama. Jiya tun hantsi na kafa kaina a rumfar mai facin taya, tsallaken titi, daidai ƙofar Lauwali, tunda hukunci ya hana ni benci bai hana ni titi ba. Allo na ɗauke da zaɓin Mutawakkil, wani fim na attajirin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gwada ’yan mata, irin wanda muka kalli kakansa da jikansa. Mutawakkil kuma yana zaune gefe yana kaɗa ƙafa.

Mutum na farko ya miƙa waya ya ce na yankan shinkafa a jirgi. Lauwali ya ce babu, ga na allo. Mutumin ya karɓe wayarsa ya tsaya. Na biyu haka, na uku haka. Kafin azahar ƙofar shagon ta cika da mutanen Kaoje da masunta da matan da suka gama sayar da kifi, ba mai tafiya, ba mai karɓar na allo. Ina hango Lauwali yana laluben kwamfuta yana share zufa, yana neman abin da ya goge da hannunsa.

Sai Mutawakkil ya miƙe zai yi masu lacca. Muryarsa har inda nake. Ya ce su yi haƙuri, an yaudare su ne, fim ɗin ƙarya ne, a ilmance ba a girbi cikin jirgi. Ka yi tunanin wanda ya faɗi haka a gaban mutanen da laka ba ta gama bushewa a ƙafarsu ba. Ba su ma yi fushi ba, kallonsa kawai suka yi kamar ya fito ba wando.

Kawu Hamma ya matso, ya sa ya cire tabarau, ya dube shi da kyau, ya tambaye shi ko shi ne ɗan Rahmatu ta Kaoje, wadda aka kai aure Bagudo. Ya ce shi ne. Kawu ya ce to shekarar babban ruwa, da mahaifin Mutawakkil ke kwance ba lafiya, a jirgin shi Kawu Rahmatu ta yanke gonarsu, kwana uku, da jariri goye a bayanta, kuma jaririn nan, wato shi Mutawakkil, bai bar kuka ba sai in jirgi na tafiya. Ya ce in malam yana son shaida, ya je gida ya dubi hannun hagun uwarsa, tabon lauje na nan. Bai ɗaga murya ba, Badamasi, amma kowace kalma ta iso tsallaken titi. Ni da na shirya zagi kala bakwai a bakina, ban sami wurin sa ko ɗaya ba.

Lauwali da kansa ya tsallako titi, ya kira ni Malam Zayyanu, ni da ya saba kira kai yaro. Ya ce ko memorin na kusa. Na ce yana kusa, amma ni mai laifi ne, saura Juma'a biyu. Ya ce an yafe. Na ce a kawo alli. Ya koma ya karɓo daga aljihun Mutawakkil ya kawo mani har rumfar mai faci.

Na goge attajirin nan da hannun rigata. Na rubuta Zangarniya Bisa Ruwa, baƙi manya-manya, layin ya ɗan gangara kamar jirgin da aka yi wa lodi a goshi, amma ana karantawa daga bakin tasha. Sannan na miƙa wa Lauwali memorin. Har la'asar kwamfuta ba ta huta ba. Na gaya wa Kawu gaskiyar abin da na ƙulla, ya ja mani kunne a gaban jama'a, sannan ya miƙa tasa wayar.

Ka gaya wa yaran nan fim ɗinsu ya shiga Kaoje da Bahindi da Sharabi a rana ɗaya. Ka gaya masu maganar dami a tsakiyar jirgi, kada ka manta.

Saura abu ɗaya. Da mutane suka watse ina kakkaɓe alli, Mutawakkil ya zo ya tsaya kusa da ni, tabarau a aljihu. Na ɗaure fuska ina jiran rigima. Sai ya zaro wata ’yar tsohuwar waya mai madanni, an ɗaure bayanta da roba, ya ce ta mahaifiyarsa ce, a matse a sa mata. Na ce sai in zai zauna kusa da ita ya kalla har ƙarshe. Ya ce to. Ni na tura da hannuna.

Ka gaida maigidanka da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka, mai riƙe da alli,
Zayyanu.