Wutsiyar Sa Hannuna

Litinin, 3 ga Maris

Ofishin rajista sun dawo da takardar da na tabbatar wa wata malamar asibiti, wadda za ta yi tafiya da ɗanta. Wai sa hannuna bai yi daidai da samfurin da ke ajiye wurinsu ba. Ni fa! Shekara ashirin da shida ina shaida takardun mutane, ina buga hatimi, yau an ce hannuna ba nawa ba ne. Kunya ta hana ni kallon matar.

Laraba, 5 ga Maris

Na ɗauko tsohon kwafin samfurin. Yarinyar da ta yi shi, ni ɗin can ta da, ba ta da tsoro. Dubi wutsiyar da ta ja a ƙarshe, ta zagayo ƙarƙashin suna kamar bakin gyale. Na daɗe ina kallo har hasken taga ya tashi daga kan tebur ya koma bango, ina jin kamar in na ɗaga kai zan gan ta zaune a kujerar baƙi, tana lilo da ƙafa.

Na gwada sau goma sha huɗu. Wutsiyar karyewa take.

Juma'a, 7 ga Maris

Ba rawa hannun yake ba. Gajiya ce.

Talata, 11 ga Maris

Auta ta zo ofis, ta ce in koma sa hannu ta kwamfuta mana, tunda ina da izini. Hoton tsohon sa hannuna ke fitowa, tsaf, ba ya tsufa. Amma sai na shigar da lambar sirri da kaina, yatsana kuwa sau biyu yana faɗawa maɓallin kusa. Saura ɗaya ta kulle.

"Umma, faɗa min lambar in danna miki. Wa zai sani?"

Na ce doka ta ce ni kaɗai zan riƙe ta, ko ɗiyar cikina ban da ita. Ta ce taurin kai dai. Ta kawo zancen likita, na ce ta rufo min ƙofa.

Gaskiya na so in faɗa mata. Har lambar farko ta zo bakina.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gyangyaɗa a kujera bayan azahar. Na ga sa hannuna ya sauko daga takarda yana tafiya a baranda, ina binsa ina kira, bai waiwayo ba. Ko haushi ban ji ba, sai kewa.

Malamar asibiti ta bugo. Ranar ashirin za su tashi. In ban gyara ba sai ta je wurin wani, ni kuma sai mayar da hatimi.

Litinin, 17 ga Maris

Na je rajista na cike fom ɗin sauya samfuri. Magatakarda ya ce in sa hannu sau uku a gabansa. Na bar wutsiyar, suna kawai na rubuta, a hankali. Ukun ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa sosai. Ya juya takardar yana dubawa.

"Ranki ya daɗe, wanne za mu ɗauka a matsayin naki?"

"Na ƙarshen," na ce. "Shi ya fi rawa, shi zan iya maimaitawa."

Ya buga tambari. Gobe matar za ta zo mu sake.

Auta ta jira ni a waje. Na bar ta ta riƙe min hannu a matakala. Matakalar ce ke da santsi.