Ni da Aka Kira Bafaranshe

Zuwa ga yayana, marigayi Yaya Illa, a makwancinka na Tasawa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahama. Ni ne Mamman, ƙanenka mai taurin kai. Na sa telan da ke maƙwabtaka da ni a Wunti ya rubuta, don har gobe ban san bihim ba.

Yaya, sun tafi. Sojan Faransa sun naɗe tabarmarsu sun bar ƙasarmu. A rediyo na ji, na miƙe ba sanda, na yi kabbara har masu keke suka tsaya kallo.

Ka tuna shekarar ƙuri'ar "wi" da "no", wato i da a'a, da aka tambaye mu ko mu zauna da Faransa ko mu rabu? Kai kana jam'iyyar da kumandan, Nasaran da ke mulkin garinmu, ke shafa wa kai, ni ina ta masu cewa a'a. Kuka ci. Makaɗanku suka zo ƙofar gidan ubanmu suna yi mini zambo, kana tsaye kana dariya. Katin jam'iyyata kuwa da hannunka ka jefa shi a murhun Inna. Ban manta ba.

Ran nan na rantse ba zan ƙara taka ƙasar ba sai Nasara ya fita da bindigarsa. Ka ce, "To, sai ka mutu a Ingilishi," wato nan tsallaken iyaka inda na nufa. Da aka sauke tutarsu ka aiko in dawo. Na ce tuta tsumma ce, ina bindigar?

Ga abin haushi: da na iso Bauchi, suka ji bakina, sai suka raɗa mini Bafaranshe. Ni! Ni da na ƙi Faransa har na rasa gida. Da sunan na yi aure, da shi na aurar da 'ya'ya, kullum ina musu, kullum suna dariya.

Rantsuwar nan ta hana ni jana'izar Inna, ta hana ni jana'izarka. An ce har ka cika kana tambaya ko mai taurin kan ya iso.

To, ga ni nan tafe, Yaya. Rantsuwa ta warware, kuma ni na ci. Zan durƙusa a gefen kabarinka in faɗa maka da bakina, ko da yake na fi so a ce kana nan ka yi mini gardama.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu inda babu jam'iyya.

Ƙanenka, Mamman, wanda bai taɓa cewa "wi" ba.