Kek ɗin da aka ce ya ƙone

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Malam? Mu nan Panshekara lafiya, sai gajiya.

Tun da aka sallami Baban Sani daga masaƙa nake gwada kek ɗin cakuletin da kika koya mini, a tukunya da yashi. Na farko ya ƙi tashi. Na jiya ya yi kyau, na kai ƙofar masana'anta a Challawa. Wani ma'aikaci ya leƙa ya ce, "Hajiya, ai wannan ya ƙone." Na rantse haka launinsa yake, amma ba wanda ya saya. Baban Sani ya ci, ya ce in sake gwadawa.

Fulawa ta kusa ƙarewa. Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna.

Ƙanwarki,
Binta