Kujerar da Na Huda wa Auta

Zuwa ga Uwar Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai jego da jaririn. Yaya gwiwar taki? Ni nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi, kuma har yau ban gano inda kika ɓoye babbar tukunya ba.

Wasiƙarki ta iso ta hannun direba. Na ce wasiƙarki, amma ba rubutunki ba ne. Tun daga bayan ambulan na gane, don layin a miƙe yake kamar an ja shi da rula. Kin mance tabaranki a kan taga, shi ne kika ba surukinmu, uban mijin Auta, ya rubuta miki. Wannan da kuke kira Dakta. Ni dai Mai Allura na san shi, don shekarun da ya yi a asibiti allura kawai ya yi ta soka wa bayin Allah.

To, da biron Mai Allura na ji cewa 'yata ta kamu da basir tun ranar da ta haihu. Ba ta iya zama, a kishingiɗe take shayarwa, in za ta shiga bayi sai ta yi kuka. Sati uku ana haka, kowa a gidan ya sani, ni ne na ƙarshe. Na san za ki ce kunya ce. Ni take jin kunya, shi ba ta ji? Ni da na goya ta a wuya har ta yi mini fitsari a ƙeya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda ya rubuta, “Mun saya mata matashin roba da ake hura wa iska.” Mun saya! Har ya ja layi a ƙarƙashi. Uwar Auta, kin fi kowa sanin kujerar farko da yarinyar nan ta zauna a duniya ni na yi ta, da ragowar katakon ƙofa. Ta makaranta ni na yi. Ta ɗakinta ni na yi. Shekara arba'in da biyar ina zaunar da mutane, yau 'yata ta kasa zama sai a ɗora ta a kan tiyub kamar ta keke?

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a jikin katako na koya da fensirin aiki, ba wanda ya taɓa zaunar da ni a aji. Ga tabaranki nan na naɗe a safa. Ki karanta da idonki, kada ki ba shi.

Ki shafa mini kan jaririn.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Uwar Auta,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mai jiki. Allah ya sa zafin ya ragu.

Ga kujera nan a bayan mota, na naɗe ƙafafunta da buhu. Kwana huɗu na rufe shago a kanta. Mai gidan abinci ya zo neman bencinsa sau biyu, na ce ya zauna a ƙasa. Katakon da na ajiye tun bara ne, wanda kika ce ina tattalinsa kamar zan ci. Ba ƙusa ko ɗaya a wurin zama, duk haɗi ne da gam. Na yi mata hannu biyu don ta dafa ta tashi, na goge ta da samfefa har yatsuna suka yi fari.

Za ki ga na huda tsakiyar. Da gangan ne. Mai wannan ciwo ba ya son komai ya taɓa wurin. Kada ki tambaye ni yadda na sani.

Awon ramin ne ya ba ni wahala. Ba abin da uba zai aika a auno masa ba ne, kuma da in tambayi Mai Allura gara in yanke yatsa. Sai idona ya faɗa kan ƙaramin bahon nan shuɗi, cikin biyun da kika saya tare, wanda kika tafi da ɗan'uwansa don wankan jariri. Na ɗora gindinsa a kan katakon, na zagaye shi da fensir, na ƙara kaɗan, na bi da zarto.

Ki ce wa Auta daga babanta ne. Ki faɗa a gabansa.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Uwar Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni lafiyata ƙalau, tunda ba wanda ya tambaya.

Kin rubuto cewa kujera ta iso, an gode. Layi ɗaya. To direba ya ƙarasa mini sauran. Ya ce da idonsa ya gan ta a baranda an ɗora tukunyar fure a cikin ramin. Fure, Uwar Auta! Ya ce nas ɗin da ke zuwa duba Auta ta ce zama a kan rami ƙara kumburi yake yi, kada ta kuskura. Ya ce Mai Allura ya zura hannunsa a ramin har kafaɗa yana dariya, wai ko shi zai iya zurmawa ta ciki. Ke kuma kina tsaye. Direba bai ce kin yi dariya ba, amma bai ce ba ki yi ba.

Abu ɗaya ya ɗan sanyaya mini rai: an ce nas ɗin ta hana tiyub ɗinsa ma. Wannan ba ki ga ya kamata ki rubuto mini ba?

Ya kuma ce ya ji Auta ta kira daga ɗaki, “Baba, miƙo mini ruwa,” mutumin ya tashi da rawar jiki. Na tambaye shi sau uku ko Baba ya ji ko Dakta. Ya ce Baba. Ranar ban ci abinci ba. Na san ba laifi ba ne, uban mijinta ne. Amma wannan sunan ni na fara jin sa a bakinta tun haƙoranta biyu. Yanzu shi ke auna mata ruwan da za ta sha, shi ke sayo mata lemo da gwanda da ganye, shi ke cewa kada ta daɗe a bayi, kada ta yi yunƙuri. Ni kuwa mai tukunyar fure.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba, tunda takarda ba ta kallon mutum. Kin san ɗan bencin nan na shago da nake rufewa da buhu, wanda na ce miki na huda shi don ajiye gwangwanin gam? Ba gam ba ne. Shekara ashirin da biyu ke nan ina fama da abin da Auta take fama da shi. Ranakun da kike cewa na cika faɗa, ina cin abinci a tsaye kamar wanda aka kora, to shi ne. Ban je asibiti ba, don ba zan kwanta wani ɗan boko ya leƙa ni ba. Ban faɗa miki ba, don na san za ki kai ni. Da na karanta cewa tana kuka a bayi, na san irin kukan, na san har yadda ake dafa bango. Mai Allura ya karanta a littafi, ni na zauna a kai. Abin da nake da shi ke nan na aika mata, aka sa masa fure.

In nas ta yi gaskiya, to ashe shekara ashirin da biyu ina ƙara wa kaina. Ban yarda ba, amma na daina zama a bencin.

Ku dawo mini da kujerata. Zuwan da na ce zan yi ƙarshen wata kuma na fasa. Tana da Baba a can.

Wannan takarda ki ƙona ta.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Uwar Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da Auta, da ɗan jikana. Yaya gwiwa? Kina shafa man ko kin bar shi a jaka?

Direba ya zo ba kujera. Na fara zazzaga masa masifa, sai ya miƙo mini takarda uku.

Taki na fara karantawa. Ashe tun farko nas ta ce Auta ta riƙa zama a ruwan ɗumi sau uku a rana, shi ne babban abin da zai kwantar da wurin, amma ta kasa tsugunawa har ƙasa saboda ɗinki, ke kuma gwiwarki ba ta barin ki ɗaga ta. Kin ce rannan kin gama wankan jariri kin ajiye bahon shuɗi a baranda, aka cire tukunyar fure aka saka shi a ramin, ya zauna daram, bakinsa ya kama katakon kamar tare aka haife su. Yanzu tana dafa hannuwan ta zauna a ruwan, ta dafa ta tashi, ba mai riƙe ta. Kwana tara ke nan, jini ya tsaya, har ta zauna a gado ta shayar da ɗanta a zaune.

Kin yi ta kewaye-kewaye da “aka cire” da “aka saka”. Na san ki. Mai Allura ne ya saka, ko? Duk mutanen gidan a rasa wanda zai gane sai shi. To ya gane ɗin. Ramin dai ba shi ya yanka ba.

Ta biyu ta Auta ce, da rubutunta. Ta ce, “Babana, yaya aka yi ka san abin da nas za ta ce tun ba ta faɗa maka ba?” Ta ce in ta zauna tana jin ƙanshin shagona, ta ce kunya ce ta hana ta faɗa mini, don shi ma'aikacin asibiti ne ni kuwa babanta ne. Babana ta rubuta, Uwar Auta, da “na” a ƙarshe. Na duba da kyau. Shi Baba kawai ake ce masa.

Ke kin san ban san komai ba, abin zagaye kawai na nema. In kika faɗa mata, ni da ke ne.

Ɗan'uwan bahon da ke nan gida kuma, in kin dawo kada ki wanke ganye a cikinsa. Ya shiga wani aiki. Kwana biyar ke nan tun da takardarki ta iso, kuma ba laifi. Maganar asibitin da kika kawo, na ji. Ban ce to ba, na dai ji.

Takarda ta uku 'yar ƙarama ce, an ninke ta huɗu an manne da gam. Rubutun nan mai kama da rula, amma wannan karon ba a ja layi a ƙarƙashin komai ba. Wai in ba damuwa, yana son irin kujerar guda ɗaya, ta wani abokinsa ce mai irin jikinsa. Kuma wai kada in faɗa wa yara.

Aboki! Na yi dariya har mai gidan abinci ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Yanzu na gane dalilin da duk zuwanmu gidan a tsaye yake ba mutane shawara.

Ina nan tafe ranar Asabar a motar safe. Ki ce wa Auta zan rage ƙafafun kujerar da yatsa biyu kamar yadda ta roƙa. Shi kuma ki ce masa na karɓi aikin abokinsa, amma na daina yanka katako da ka. Zan zo da tef ɗina. Sai abokin ya tsaya na auna shi.

Mijinki,
Baban Auta