Surukina da Jakar Iskar Mota

Anti Wafa, ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan faɗa wa.

Makanike ne ni a garejin surukina, Usta Ɗantani, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Shi ya ba ni 'yarsa Ni'imatu, shi ya ba ni aiki da muka dawo Khartum hannu rabbana. Ko ido ba na haɗawa da shi. Tsofaffin motoci kam ya san su ciki da bai, amma yanzu sababbi ake kawo mana, masu jakar iska a sitiyari, wadda ke fashewa ta tare direba in an yi karo. Baba, kamar yadda nake kiransa, yana kwance ta batir a haɗe, yana tsokanar wayoyinta rawaya da fitilar gwaji, fuskarsa dab da ita. Na san 'yar wuta kaɗan ta isa ta tayar da ita, ta karya masa wuya.

Shekaranjiya ya sake. Ni kuwa, ƙato da ni, sai na ja da baya na ce zan sayo shayi! Na tsira da fuskata na bar tasa. Da yamma a gidanmu na unguwar Kalakla Ni'imatu ta tambayi lafiyar babanta, na ce ƙalau. Yaya suruki zai gyara wa surukinsa aiki a gaban mutane?

Mai Jin Nauyi, Kalakla

Ɗana, kunyar suruki tarbiyya ce, ban raina ta ba, kuma gaskiyarka, dattijo ba ya son gyara a bainar jama'a. Amma shayin nan bai yi ba.

Gobe ka riga shi isa garejin. Cire kan batir aikin ƙarami ne, ba wanda zai ce ka yi rashin kunya. Ka cire, a jira mintoci wutar da ta rage ta mutu. Ka ɗauke fitilar gwajin, ka kawo kwamfutar duba mota da tabarau, ka roƙe shi ya bar maka wannan aikin. Jakar da aka kwance a ajiye ta fuskarta sama.

In bakinka ya yi nauyi, ka bi ta inda ka bi ka nemi aure: ka aiki amininsa ya same shi a keɓe. Yau, ba jibi ba. Idon Baba kake kasa kallo yanzu. In abin ya faru, idon Ni'imatu ne za ka kasa kallo har abada.

Allah ya tsare ku duka.